Jita-jitar canjin kuɗi: wa ke cin ribar tsoronmu?



A makon da ya gabata, ina tsaka da gabatar da shirinmu na safe wanda masu saurare ke bugo waya, sai wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi ta kira daga babbar kasuwar Maraɗi. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya mun yi ba, ta jefo mini tambaya: wai da gaske ne kuɗinmu na sefa za su daina aiki kafin ƙarshen wata? Ta ce wani saƙon murya aka turo mata ta WhatsApp, wani mutum da bai faɗi sunansa ba yana ta rantsuwa cewa an riga an buga sabbin takardu an jibge a Yamai, kuma duk wanda ranar ta riske shi da tsohon kuɗi a hannu, to sai dai ya hura wuta da shi. Kwana uku ke nan, in ji ta, ba ta yi barcin kirki ba. Ta daina ba da bashi, ta ƙi karɓar zubin adashin da ita ce uwarsa, har tana shawarar kwashe uwar kuɗinta ta sayi buhunan shinkafa ta tara a ɗaki, alhali tun da take ba ta taɓa sayar da ko tiya ɗaya ta shinkafa ba.

Na amsa mata da iyakar abin da yake tabbas: har zuwa ranar da nake wannan rubutu, sefa ce kuɗin da doka ta sani a Nijar, da ita gwamnati ke biyan albashi, ita duwan ke karɓa, kuma babu hukumar da ta tsayar da ranar sauke ta. Hajiya ta yi godiya, amma daga jin muryarta na san hankalinta bai kwanta ba. Bayan ta ajiye, layin bai huta ba har ƙarshen shiri. Tasawa, Ƙonni, Magarya, kowa da irin labarin da ya ji. Shi ya sa na ga ya dace in ɗauki alƙalami, domin minti biyu na radiyo sun yi wa wannan magana kaɗan.

Maganar dai tana da tushe. Ranar 16 ga watan Satumba na 2023 ƙasashen Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen AES. A watan Fabrairu na 2024, a wata hira da aka yi da shi, Janar Abdurahaman Tiani ya nuna cewa mallakar kuɗi na kai alama ce ta cikakken ƴanci, kuma masana na nazarin batun. Ranar 29 ga Janairu na 2025 ficewar ƙasashen uku daga CEDEAO ta tabbata. To, a nan ne mutane da dama ke cakuɗa abu biyu. CEDEAO ba ita ke da sefa ba. Kuɗin na ƙungiyar UEMOA ne mai ƙasashe takwas, wato Nijar, Mali, Burkina Faso, Benin, Togo, Senegal, Kodebuwa da Gine Bisau, kuma babban bankinsu BCEAO shi ke buga su. Fita daga wancan gida bai fitar da mu daga wannan ba. Ko wata rana za a fita? Yana iya yiwuwa. Amma “yana iya yiwuwa” daban, “kafin ƙarshen wata” daban, kuma a tsakanin waɗannan biyu ne wasu ke kafa teburinsu suna cin kasuwa da fargabar mutane.

Wanda maciji ya sara

Ba zan kira tsoron Hajiya wauta ba, don ɗan kasuwar ƙasar nan ya sha sara. Ni ban ga 1984 da idona ba, amma babu tsohon ɗan kasuwa a Maraɗi ko Damagaram da za ka ambata wa shekarar bai girgiza kai ba. A watan Afrilu na wannan shekara gwamnatin sojan Najeriya ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokinta, ta sauya launin takardun naira, ta ba da wa'adin da bai kai mako biyu ba a kai tsofaffin banki. Wanda yake wannan ɓangaren na iyaka da jikkar naira a ƙarƙashin gado, ta ina zai bi ya kai? Dukiyar mutane da yawa ta koma takardar ƙunshe ƙosai. Ga shi abin ya haɗu da fari, hatsin da ake sa ran shigowarsa daga kudu ya tsaya, har talakawa suka raɗa wa yunwar suna El Buhari. Sai a watan Maris na 1986 aka sake buɗe iyakar.

Ba a gama farfaɗowa ba, a 1990 bankin BDRN, wanda shi ne babban bankin kasuwanci na ƙasa a lokacin, ya durƙushe. Duk wanda ke mamakin abin da ya sa dattijon ɗan kasuwa ya fi yarda da akwatin ƙarfensa a kan takardar banki, ya tambayi waɗanda suka yi ta sintiri a wancan zamani suna neman haƙƙinsu.

Sai kuma babbar, wato 1994. An daɗe ana raɗe-raɗin za a karya darajar sefa, shugabanni suna musantawa. Ranar 11 ga Janairu aka yanke hukunci a birnin Dakar, zamanin shugaba Mahaman Usman, washegari aka wayi gari faran ɗaya na Faransa da ake saya dala goma ya koma dala ashirin. Takardar da ke aljihunka ba ta sauya kama ba, hoton da ke jikinta yana nan, amma rabin ƙarfinta a kasuwar waje ya tafi cikin dare ɗaya. Magani, madara, atamfar Turai, kayan gyaran mota, duk suka yi sama. Wanda ya ɗauko kaya bashi daga waje da alkawarin biya da kuɗin waje ya ga bashinsa ya ninka yana zaune.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, wannan daren da ya sa wasu kuka ya buɗe wa wasu ƙofa. Shanu da tumakinmu suka yi arha ga masu saye na bakin teku idan aka gwada da daskararren naman da ake kawowa daga Turai, albasar Galmi ta ƙara samun shiga, masu kiwo da masu fataucin kayan gona suka ga kuɗin da ba su saba gani ba. Ban kawo wannan don in wanke karyewar darajar kuɗi ba, talakan birni mai cin albashi ya ji jiki ƙwarai. Na kawo shi ne don a ga cewa ko canjin da ya fi kowane zafi bai faɗa wa kowa iri ɗaya ba, ya danganta da abin da ke hannunka da irin bashin da ke wuyanka a ranar.

Na kusa-kusa kuwa duk mun gani: rufe iyakar Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da aka yanke mana kuran, aka tsayar da manyan motoci a Malanbil, mutum ya je banki da kuɗinsa na halal a ce masa ga iyakar abin da zai iya ɗauka. Sai a Fabrairu 2024 aka ɗage. Wanda ya ratsa duk wannan, in ya ji motsi a cikin ciyawa ya yi tsalle, ba a yi masa dariya.

Abin da na gani a gidanmu

To amma bari in ba ku labarin shekarar 2004, wadda ita na gani da idona ina makarantar koleji. A shekarar ce BCEAO ta janye tsofaffin takardun da aka fara fitarwa a 1992, har da ta jikka biyu da rabi wadda matasan yanzu ba su ma san an taɓa yi ba. Wannan ya biyo bayan fashin da aka yi wa rassan bankin a Kodebuwa a farkon shekarun 2000. An ba da wa'adi daga 15 ga Satumba zuwa 31 ga Disamba, daga baya aka ƙara wasu makwanni a farkon 2005. Jikka goma tsohuwa, jikka goma sabuwa, babu ragin ko dala.

Mahaifiyata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi. Tana da ɗan abin da ta tara a cikin wani gwangwanin madara, tana niyyar sayen kayan ɗakin yayata. Wata rana da la'asar sai ga wani mutum ya shigo unguwa da jikka a rataye, fes da shi, yana bin zaure-zaure. Ya ce layin banki ya kai bakin titi, kuma sai mai katin shaida da takardar lampo ake saurara, kuma za a tambayi kowa inda ya samo kuɗinsa. Shi dai taimako ya zo yi: a ba shi tsohuwar jikka goma ya ba da sabuwar jikka tara nan take. Inna ba ta taɓa taka ƙofar banki ba, ba ta jin faransanci, kuma ba abin da take tsoro kamar a tsayar da ita gaban mai biro ana yi mata tambayoyi. Ta ba shi rabin abin da ke gwangwanin. Da kawuna ya dawo daga Jibiya ya ji, bai ce komai ba, washegari ya karɓi sauran ya tafi. Kafin azahar ya dawo da kuɗinta cif, ba wanda ya tambaye shi komai in ban da ya ƙirga a gabansu. Abin da mai jikkar nan ya ci a hannunta ya kai ribar suyar mako uku. Har yau in aka tuna mata sai ta ce ai layin ne ta ji tsoro, layin da ba ta taɓa gani ba.

Maƙwabciyarmu kuwa, wata tsohuwa mai sayar da daddawa, Allah ya jiƙanta, nata tsoron ta wata hanya ya bi. Ta yi shiru da bakinta. Ba ta son ƴaƴanta su san tana da ajiya, ba ta kuma yarda cewa takardar da ta shekara goma tana aiki za ta mutu don wani ya yi sanarwa a radiyo ba. Bayan rasuwarta aka buɗe ƙwaryar da ke ƙarƙashin gadonta, aka tarar da ƙullin tsofaffin takardu an naɗe da tsumma, wa'adi ya daɗe da wucewa. Yaran gidan suka yi ta wasan kanti da su.

Mata biyu, katanga ɗaya ta raba su. Ɗaya tsoro ya sa ta gaggawa, ɗaya ya daskarar da ita, kuma canjin kansa bai ci ko sisi daga hannun kowace ba. Wanda ya je ya tambaya shi kaɗai ya fita lafiya.

Abu uku ne muke kira da suna ɗaya

A ganina rabin ruɗanin da ke kasuwa daga kalma ɗaya yake fitowa. Muna cewa “canjin kuɗi” ga abubuwan da ba su da haɗi. Akwai sauya takarda, irin na 2004: darajar tana nan, ana ba da wa'adi, ana sanarwa a Muryar Sahel da Tele Sahel da sauran gidajen radiyo, kuma BCEAO tana da rassa a Maraɗi da Damagaram, ba sai an je Yamai ba. Wanda ke asara a irin wannan shi ne na ƙauye mai nisa da labari bai kai masa ba, da wanda ya ɓoye, da wanda ya sayar da rahusa.

Akwai karya daraja, irin ta 1994. Ita ba a yi mata shela, don in aka yi kowa zai ruga ya sayi kuɗin waje. Saboda haka duk mai saƙon muryar da ya ce maka ya san ranarta, tambaye shi me ya sa bai je ya yi arziki da sirrin ba ya tsaya yana raba shi kyauta. Kuma a lura, boye takarda ko canza ta da sabuwa ba ya kare kowa daga irin wannan. Abin da ke kare ɗan kasuwa shi ne kada bashin da ke kansa ya zama na dala ko euro alhali cinikinsa na sefa ne, kuma kada duk dukiyarsa ta kwanta a takarda. Tun 1999 sefa na ɗaure da euro, kowane euro ɗaya kusan sefa 656, kuma wannan lissafi bai motsa ba tun daga lokacin.

Sai na uku, wanda shi ne ake ta magana a kai yanzu: ƙasa ta bar sefa ta buga nata. Wannan ma ba sabon abu ba ne a yankinmu, kuma sakamakonsa bai zo iri ɗaya ba. Gine ta Seku Ture ta fita a 1960. Mali ta Modibo Keita ta buga nata faran a watan Yuli na 1962, ƴan kasuwar Bamako suka fito zanga-zanga a cikin watan, aka kama mutane. Kuɗin ya yi ta rauni, aka karya darajarsa a 1967, daga ƙarshe Mali ta dawo cikin sefa a 1984, ana ba da faran biyu na Mali a karɓi sefa ɗaya. Muritaniya kuwa ta fita a 1973 ta kafa ugiya, aka ƙayyade ugiya ɗaya daidai da sefa biyar, wato dalarmu ɗaya, kuma ba ta dawo ba har yau, kasuwanninta suna ci. Wanda ke son ya tsorata ka zai ba ka labarin Mali kaɗai, wanda ke son ka yi tafi zai ba ka na Muritaniya kaɗai. Abin da ya haɗa su shi ne, a kowane hali an tsayar da farashin musaya tsakanin tsoho da sabo, an buɗe wuraren canji. Babu gwamnatin da za ta ce wa dukan ƴan ƙasarta su ƙone abin da ke aljihunsu, domin ma'aikatanta da sojojinta ma shi ne a aljihunsu. Abin da ke yanke hukunci yana zuwa ne daga baya: shin sabon kuɗin zai riƙe ƙarfinsa, shin mai kaya a Lome ko Kano ko Dubai zai karɓe shi? Wannan tambaya ce ta gaske, kuma ƴan kasuwa suna da haƙƙin su yi ta da babbar murya ta bakin ƙungiyoyinsu da majalisar ƴan kasuwa, maimakon a bar ta a hannun masu saƙon murya.

A tuna kuma da Eco. A watan Disamba na 2019 shugabannin Kodebuwa da Faransa suka tsaya a Abijan suka ce za a sauya wa sefa suna. A lokacin ma an yi ta cewa saura kwana kaɗan. CEDEAO ta sha ɗage ranar fito da nata kuɗin bai ɗaya, har ta kai shi 2027. Wanda ya rufe kantinsa a 2019 yana jiran Eco, yau shekara nawa ke nan yana zaune?

Naira ta sake koya mana

Mu mutanen bakin iyaka, daga Ƙonni zuwa Ɗan Isa zuwa Magarya, aljihu biyu gare mu, ɗaya na sefa ɗaya na naira, don haka abin da ya faru a Najeriya a 2023 a jikinmu ya faru. A watan Oktoba na 2022 babban bankin ƙasar ya ce zai sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sabbin suka fito a tsakiyar Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Sabbin kuwa ba su wadata ba. Kowa ya tuna 1984, hankali ya tashi. A kasuwannin iyaka aka ƙi karɓar tsohuwar naira, masu ita suka riƙa rabuwa da ita da hasara, wasu suka sayi kayan da ba su da bukata don dai kada ta mutu a hannunsu.

Me ya biyo baya? Ranar 3 ga Maris 2023 kotun ƙolin Najeriya ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. A watan Nuwamba ta sake cewa su ci gaba ba tare da wa'adi ba. Takardar da aka yi ta jefarwa da rahusa ta koma tana sayen abin da sabuwa ke saye. Waɗanda suka tattara ta a lokacin firgici, ba sai na faɗa muku ko su wane ne suka yi dariya ba. Wahalar ƙarancin kuɗi a wancan lokaci gaskiya ce, ba wanda ya ƙirƙira ta. Amma ragin da aka yi wa tsohuwar takarda, wannan kam tsoro ne ya yanka farashinsa. Abin da ya ci masu ajiyar naira da gaske ya zo ne ta ƙofar da ba a tsare ba: daga watan Yuni na 2023 aka saki darajarta, ta yi ta zubewa a gaban dala da sefa, tsohuwa da sabuwa baki ɗaya.

Ga Hajiya mai atamfa da ire-irenta, ga abin da nake gani. Mai atamfa in tana son ta mayar da wani ɓangare na kuɗinta kaya, ta mayar da shi atamfa, abin da ta san farashinsa, ta san mai sayensa, ta san ba ya ruɓewa. Shinkafar da za ta tara ba ta san ƙwaro ba, ba ta san lema ba, ba ta san ranar da farashi zai faɗo ba, sai ta guje wa asarar da ba ta zo ba ta faɗa wadda ta tabbata. Bashi kuma, a daina dogaro da “ai mun san juna”. A rubuta shi, da rana, da adadi, da irin kuɗin da za a biya, gaban shaidu biyu, kamar yadda addini ma ya hore mu. Yawancin rigingimun da ke biyo bayan kowane sauyin kuɗi tsakanin mai bin bashi ne da wanda ake bi, kowa na jan lissafi wajensa. Adashi ma haka: tsayar da shi ba ya kare kowa, sai dai ya hana wadda kwasarta ta zo sayen kayan da take jira. Kuma kowace mace mai sana'a ta yi ƙoƙari ta mallaki katin shaidarta na ƙasa tun yanzu, don ranar da aka buɗe wurin canji kada ta bukaci wani mai jikka ya tsaya mata.

Dala hamsin

Akwai wani ɗan ƙarfe da ke ba ni dariya da takaici a lokaci guda, wato dala hamsin, mai launi biyu, wanda aka fito da shi a 1992. BCEAO ta sha nanata cewa yana aiki. Amma miƙa shi ga mai kabu-kabu ko mai tumatir ka ga yadda za a dawo maka da shi kamar ka ba da garwashi. Ka tambayi dalili, sai a ce ai ba a karɓa. Wa ya hana? Ba wanda ya sani. Kowa na ƙin sa ne don yana tsoron na gaba zai ƙi, da haka muka kashe kuɗi mai rai da hannunmu, a ƙasar da kullum ake faɗa a kan rashin canji. Ba gwamnati, ba banki, ba Faransa, mu ne.

Alhali in aka duba, mu jikokin mutanen da suka ga sauyin da ya fi wannan ne. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, shi ya sa har gobe muke cewa ba ni da ko wuri. Kakannin kakanninmu da wuri suke saye da sayarwa, suna ƙirga shi a ƙasa, har Turawan mulki suka zo suka ce lampo sai da ƙarfensu. Jikka da muke kiran sefa dubu da ita, asalinta jikkar da ake zuba kuɗi ce. Sunayen sun tsallako, abin da ake kira da su ya sauya sau da yawa, ciniki bai tsaya ba. Ita kanta sefar da muke jin kamar da ita aka halicci duniya, ranar 26 ga Disamba 1945 aka ƙirƙiro ta, akwai tsofaffi a cikinmu da suka girme ta.

A wannan shekara ta 1945 ɗin ce kuma ruwan Gulbi ya cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, aka tayar da mutane aka hau da su tudu, aka yanka sabbin unguwanni da tituna miƙaƙƙu. Ku auna yadda zuciyar wanda aka ce ya bar gidan ubansa da rijiyarsa da inuwar da ya saba ya koma fili fetal za ta kasance. A kan wannan tudun ne aka yi cinikin gyaɗar da ya fito da alhazan Maraɗi. Da farin shekarun 1970 ya kashe gyaɗa, aka ce garin ya ƙare, sai suka juya ga fiton kaya zuwa Najeriya. Yanzu ga layin dogo da aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021, daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, kilomita 284, kuma tuni na fara jin masu manyan motoci da ƴan dako suna tambayar abin da zai rage musu in ya fara aiki. Tambaya ce mai kyau, za mu ware mata shiri na musamman.

Shekaranjiya Hajiyar ta sake bugowa. Ta ce ta tara matan adashinta su goma sha biyu, sun sayi littafi, ɗiyar ɗayarsu da ke lise ta rubuta sunan kowa da zubinta da ranar kwasarta, sun ci gaba. Shinkafa kuwa buhu biyu kawai ta saya, na gida. Na tambaye ta ko in na zo sayen turmi da dala hamsin a cikin kuɗina za ta karɓa. Ta yi dariya har sai da layin ya ƙara, ta ce in dai bari sai ta ga maƙwabciyar rumfarta ta fara karɓa tukuna.